Inuwa ko jan zobe? Muhawara kan gargaɗin abin da ke faɗowa daga sama a gem da katun

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka daɗe suna buga gem. Wata huɗu ke nan ina haɗa wani ɗan ƙaramin gem na waya da Godot, manhajar haɗa gem. Yaro ne yake tonon muruci a cikin kurmin giginya, 'ya'yan giginya suna faɗowa daga sama, in ɗaya ya same shi rai ɗaya ya tafi. Kyamarar tana kallon ƙasa ne daga sama a ɗan karkace, don haka mai bugawa ba ya ganin kan bishiyar sam. Na ba ƙannena uku su gwada, ba a yi minti biyar ba duk suka ajiye wayar. Ƙaramar cikinsu ta ce min, "Yaya, wannan ai mugunta ce, abu ya kashe ka ba ka ko gan shi ba." Maganar ta tsaya min a rai, domin gaskiya ta faɗa.

Hanya biyu na hango. Ko dai in sa inuwa ta fito a ƙasa tana girma kafin giginyar ta sauko, irin ta katun ɗin da muka kalla muna yara, ko in zana jan zobe a wurin da za ta faɗi. Zuciyata ta fi karkata ga inuwar, amma ban san ko son abin yarinta ne yake ja na ba. Me kuka gani?

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam. Sa jan zobe ka huta, ɗan'uwa. A PUBG in za a yi ruwan bama-bamai, jan fili ne ke fitowa a taswira, kowa ya gani ya san ya bar wurin ko ya shige ɗaki. Kuma ka tuna da irin wayar da mutanenmu ke bugawa da ita: ƙaramin gilashi, an rage haske don batir ya kai dare, mutum na zaune bakin shago rana na dukan fuskar wayar. Inuwa mai toka-toka a kan ƙasa mai ruwan ƙasa, wa zai gan ta?

Baba Mai Gidan Gem:
Yarona, kada ka yi saurin zubar da inuwa. Na riƙe gidan gem tun zamanin Sega har PS2 ta zo ta tsufa, kuma abin da zan faɗa maka na gan shi a hannun yara ba sau ɗaya ba. In ana buga Winning Eleven gola ya ɗaga ƙwallo sama, sabon shiga ƙwallon yake bi da ido, sai ka ga ɗan wasansa yana ta kewaye wurin da ba nan za ta sauka ba. Gwani kuwa ƙasa yake kallo, domin inuwar ƙwallon ita ke gaya masa inda take a filin. Ba wanda ya zaunar da su ya koya musu. Ido ne ya gane da kansa.

Amma wadda ba na mantawa ita ce ta Zelda, Ocarina of Time, na Nintendo 64 da ya fito a 1998. A haikalin da ke cikin daji akwai wani katon hannu da ke maƙale a rufi, ba ka ganin sa. Kana cikin tafiyarka sai ka ji wani sauti kamar iska na kaɗawa, inuwar da ke ƙarƙashin ƙafarka ta fara faɗi, ta fara baƙi. In ka tsaya, hannun ya sauko ya damƙe ka ya mayar da kai bakin ƙofar shiga, duk tafiyar da ka yi sai ka sake ta. In ka ci gaba da gudu, ya faɗo a bayanka ka juyo ka sare shi. Injin nan ba kowa ke da shi ba a lokacin, guda ɗaya na taɓa mallaka, amma na ga yaro ya miƙe tsaye daga kan benci da fad ɗin buga gem a hannu saboda inuwar nan. Jan zobe zai gaya maka ka kauce. Inuwar nan kuwa sai ka ji ta a ƙeyarka, ka ji akwai abu a samanka yana zuwa. Ba ɗaya ba ne.

Kuma ka duba Super Mario 64 na 1996. Duk inda haske yake fitowa, inuwar Mario daidai ƙarƙashinsa take, da gangan suka yi haka don mai bugawa ya san inda zai dira in ya yi tsalle. Tunda gem ya koma mai zurfi, ido ba ya iya auna nisa a kan gilashin talabijin sai da wani abin dogaro a ƙasa.

Malamin Fizis:
Baba, Allah Ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa haka yake. Sai dai ina so Ɗan Gwammaja ya san wane ɓangare na inuwar nan gaskiya ne, wane ne aka ƙirƙira, don in zai karya doka ya karya ta da sani.

Na farko, inuwa ba ta faɗuwa daidai ƙarƙashin abu sai rana tana tsakar ka. A Kano, da ke wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, sau biyu kacal a shekara rana ke tsayawa cak a saman kai, wajen sulusin ƙarshe na Afrilu da kuma na Agusta. Sauran ranaku ko da zawali akwai 'yar karkata. Mu da muke duba inuwar sanda don sanin shigar Azahar da La'asar mun fi kowa sanin wannan. Lokacin da inuwar sanda ta kai tsawon sandar, ɗan giginyar da ke mita 20 a sama inuwarsa tana mita 20 can gefe. Yana faɗowa ita kuma tana rugowa a ƙasa, sai su haɗu a wurin da ya sauka. Kakanninmu sun riga mu gani: inuwar giginya, na nesa ka sha.

Na biyu, maganar girma. Nan ne mutane da yawa ke cewa katun ƙarya yake yi, alhali bai yi ƙarya duka ba. Rana ba ɗigon haske ba ce, faifai ce mai faɗi, kuma nisanta da mu ya ninka faɗinta kusan sau 108. Saboda haka kowane abu, baƙar zuciyar inuwarsa tana tsukewa kamar tsinin mashi, ta ƙare a nisan da ya ninka faɗin abin kusan sau 108. Ɗan giginya mai faɗin santimita 15, zuciyar inuwarsa ba ta wuce mita 16. In yana can mita 20, abin da ke isowa ƙasa wani dishi-dishi ne kawai. Yana saukowa sai baƙin ɗigo ya bayyana a tsakiya, ya yi ta faɗi yana ƙara kaifi har ya kai girman ɗan giginyar daidai. Ba ya wuce nan. Shi ya sa jirgin sama in ya yi nisa sosai ba ka ganin inuwarsa, sai ya kusa sauka. Waɗanda suka ga kusufin rana na 29 ga Maris 2006 a Gusau ko Katsina, tsinin inuwar wata ne ya ratsa ta kansu, shi ya sa garuruwan da ke gefe ba su samu duhun duka ba.

Inda katun ya saɓa shi ne cikin ɗaki. In ƙwan lantarki ne a rufi, abin da ke kusa da ƙwan inuwarsa ƙatuwa ce, yana saukowa tana raguwa. Ka gwada da tafin hannunka yau da dare.

Sai lissafin lokaci, wanda zai yi maka amfani. Daga mita 20 faɗuwa sakan 2 ce. Sakan na farko mita 5 kawai yake ci, na biyu mita 15, kuma yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 70 a awa. To kada girman inuwarka ya tafi da gudu ɗaya. Ta fara a hankali, ta ƙare da sauri.

Ɗan Gwammaja:
Malam, na gode ƙwarai. Wannan na ƙarshen yanzu na rubuta shi a takarda. Amma in na bi gaskiya na sa inuwar ta rugo daga gefe fa?

Malamin Fizis:
Kada ka yi. Mai bugawa zai guje wa inda inuwar take, ya ruga daidai inda giginyar za ta sauka. Ka mai da gem ɗinka tsakar rana ce kullum, shi ke nan ka zauna lafiya da ni da Baba gaba ɗaya.

Maman Hanifa:
Ni ban san gem ba, yarana ne ke bugawa, amma tunda na ga ana maganar inuwa daga sama na ce bari in sa baki, domin kaji nake kiwo. Duk wadda ta taɓa sakin kaza da 'yan tsaki a tsakar gida ta san abin nan. Shirwa ba ta sallama. Kafin ki ɗaga kai, inuwarta ta riga ta gifta a ƙasa, uwar ta saki wani kuka daban, ba irin wanda take yi in ta ga kyanwa ko maciji ba. 'Yan tsakin nan cikin ƙiftawar ido wasu sun shige ƙarƙashin fukafukinta, wasu sun lafe jikin turmi ba ko motsi. Ɗan tsako ɗan kwana biyar, wa ya karantar da shi?

Har leda in iska ta ɗaga ta ta wuce ta samansu, sai su watse. Na sha ganin haka lokacin hunturu. Amma kuma na lura waɗanda suka girma kusa da igiyar shanya, inda zannuwa ke ta kaɗawa inuwa na yawo a ƙasa, ba su cika firgita da ita ba. Sun saba. Kai mai haɗa gem, ina ga akwai abin da za ka ɗauka a nan.

Ɗalibar Ilimin Dabbobi:
Mama, wallahi abin da kika gani a tsakar gida shi manyan masana suka yi shekaru suna gardama a kai. A 1937 Konrad Lorenz da Niko Tinbergen, waɗanda daga baya suka samu kyautar Nobel a 1973, sun yanka kwali da siffar tsuntsu, gefe ɗaya gajere, ɗayan dogo, suka riƙa jan sa a igiya ta saman tsuntsayen gida. In aka ja shi gajeren gefen na gaba, ya yi kama da shaho mai gajeren wuya da doguwar jela. In aka juya, ya yi kama da dinya mai dogon wuya. Tinbergen ya ce siffar shahon ce ke tsorata su, kuma da tsoron aka haife su. A 1961 Wolfgang Schleidt ya sake gwajin da 'ya'yan talo-talo, ya nuna cewa sabo yana da hannu sosai: siffar da suke yawan gani tana wucewa ba ta yi musu komai ba, sai su daina kula ta, wadda ba su cika gani ba ita ke firgita su. Maganar igiyar shanyarki ke nan, Mama.

Amma inuwa mai girma, wadda ke faɗaɗa daga tsakiya zuwa kowane gefe, ita tata daban ce, domin haka duk abin da zai buge ka a fuska yake bayyana a ido. A 1962 William Schiff da abokan aikinsa sun haska wa birai inuwa a kan allo. In tana faɗaɗa sai su zabura su koma baya, in tana tsukewa ko a jikinsu. A 2013 Melis Yilmaz da Markus Meister sun nuna wa ɓeraye baƙin faifai yana girma a allon da ke samansu, ɓerayen da ba su taɓa ganin shaho ba, sai su ruga maɓoya ko su daskare wuri ɗaya. Farin faifai bai yi musu irin wannan tasirin ba.

Har fara, wadda muke soyawa da yaji. A ƙwaƙwalwarta akwai wata babbar ƙwayar jijiya da aikinta shi ne gane abin da ke tunkaro ta, Claire Rind ta Jami'ar Newcastle a Ingila ta daɗe tana bincike a kanta. Shi ya sa kama fara da tafin hannu da rana yake da wuya, sai a bari da sanyin asuba ko da dare.

Don haka Yaya Ɗan Gwammaja, ba son yarinta ne ke jan ka ba. Jan zobe sai an koya wa mutum ma'anarsa. Baƙin abu mai girma, jiki ya riga ya san shi.

Ɗan Damagaram:
Na ji, kuma na ƙaru. Amma ɓera ba da waya mai tsagaggen gilashi yake kallo ba. Abin da ba a gani ba, jiki ba zai ji tsoronsa ba komai daɗewarsa a cikin jini.

Mai Zane 'Yar Zariya:
Bari in shigo ta ɓangaren katun, tunda shi ne aikina, domin ina ganin ana haɗa abu biyu da ba ɗaya ba.

A katun, inuwar ba don wanda dutsen zai faɗa wa aka zana ta ba. Don mai kallo ne. Ku tuna Wile E. Coyote, dilan nan na hamadar Amurka da Chuck Jones da Michael Maltese suka fito da shi a 1949, mai bin tsuntsun nan da ba ya kamuwa. Ya tura dutse, dabara ta juye, sai ka gan shi tsaye inuwa ta zagaye shi tana faɗi. Ya kalli ƙasa, ya kalli sama, ya kalle mu, wani lokaci ya buɗe 'yar mitsitsiyar lema. Duk wannan jinkirin an auna shi ne firem bayan firem, wato hoto bayan hoto, kuma a fim firem 24 ne sakan ɗaya. Dariyar ba a faɗowar dutsen take ba, a jiran take. Mun sani, ya sani, kuma ba makawa. Wani lokacin ma ya matsa gefe inuwar ta bi shi, ko ya matsa dutsen ya faɗi inda ya koma. A katun wannan shi ne daɗin.

Masu zanen Disney biyu, Frank Thomas da Ollie Johnston, sun tattara ƙa'idoji 12 na motsa zane a littafinsu na 1981, ɗaya daga ciki ita ce shirya idon mai kallo kafin abu ya faru. Mai naushi sai ya ja hannu baya, mai tsalle sai ya durƙusa. Dutsen da ke wajen allo ba shi da hannun da zai ja baya, to inuwarsa ita ke yi masa wannan aikin. Ga kuma sauƙi: baƙin zobe ɗaya ka zana, ka huta da zana dutsen yana tafe.

A gem kuwa wanda ke kallo shi ne wanda dutsen zai faɗa wa. Nan inuwa ta zama alkawari. In ka nuna min ita a nan, to a nan abin zai sauka, kuma ka ba ni lokacin da zan iya fita. Ranar da ka sa ta bi ni irin na dila, ko ka jefo giginya babu ita, ka ci amanata, kuma zan ajiye wayar kamar yadda ƙanwarka ta yi. Ni a wajena wannan ne zancen duka, ba wai inuwa ko zobe ba. Mutum yana yarda da mutuwar da ya ga alamarta ya makara. Ita ce ke sa shi cewa bari in sake.

Lissafi kuma: mutum na ɗaukar kusan rubu'in sakan kafin yatsansa ya amsa abin da ido ya gani. Ka ɗora lokacin da yaron zai ɗauka ya fita daga cikin inuwar, ka ƙara ɗan rara saboda babban yatsa a kan gilashi ba kamar fad ba ne.

Baba Mai Gidan Gem:
'Yata, Allah Ya yi miki albarka, kin faɗi abin da na kasa haɗawa. Kuma don in yi wa Ɗan Damagaram adalci: Crash Bandicoot na PS1, 1996, inuwa ce kawai ke nuna maka inda za ka dira, kuma yara sun sha faɗawa rami a wuraren da ke da duhu saboda ba sa ganin ta. Da aka yi na huɗu a 2020 sai suka sa wani zobe mai ruwan ɗorawa a ƙarƙashinsa in ya yi tsalle, wanda ba ya so ya kashe shi a saiti. Ka ga su ma sun ji irin kokenka.

Ɗan Damagaram:
Yauwa Baba. Ni dama ban ce inuwa ba ta da daɗi ba. Cewa na yi kada a bar mai ƙaramar waya a baya. Kuma in za a sa zoben, na janye maganar ja. Akwai abokin buga wasanmu da ba ya bambance ja da kore sosai, jan abu a kan ciyawa ɓace masa yake yi. Fari ko ruwan ɗorawa ya fi.

Malamar Hausa:
Ina ta karantawa, wani abu na ta yi min yawo a kai. A harshenmu kalma ɗaya ce, inuwa, ga wadda ake sha a gindin ɗurumi da wadda ke bin mutum a baya. Kuma kusan duk inda muka ambace ta alheri ne. Muna roƙon Allah Ya sa mu a inuwar Al'arshi. Ƙungiyoyi suna haɗuwa ƙarƙashin inuwa ɗaya. Waɗanda ba sa jituwa mu ce ba sa shan inuwa ɗaya. Har suna muke sawa, Inuwa. Mutumin da ya tashi a ƙasar da rana ke dukan ƙeya wata tara a shekara, in ya ga baƙin wuri a ƙasa, wurinsa yake nufa, ba gudunsa yake ba.

To gem ɗinka a kurmin giginya yake, cike da inuwar bishiyoyi. Yaya yaro zai bambance wadda zai fake a ciki da wadda za ta fasa masa kai? Ina jin amsar tana cikin abin da Ɗaliba ta faɗa: ta hutawa a tsaye take, ta haɗari motsi take yi tana girma. In ka sa ganyen giginyarka na kaɗawa inuwarsu na rawa a ƙasa don ƙawa, ka mayar da 'yan wasanka kajin Maman Hanifa na gindin igiyar shanya.

Kuma muna da inuwar da ta haɗa biyun, ta bagaruwa, ga sanyi ga ƙaya. Da ni ce kai, da na yi mataki guda a kan wannan: rana na rage wa yaron ƙarfi, dole ya fake a gindin giginya, a nan kuma 'ya'yan ke faɗowa.

Oga Birkila:
Shekara ashirin ina aikin gini, bene hawa uku hawa huɗu. Gaskiya ban taɓa ganin wanda inuwa ta cece shi daga bulo ba. Abin da sauri yake, kuma lebura idonsa na kan kwanon siminti. Abin da ke ceto shi ne ihu. Na sama ya ce "Kai! Ƙasa!" kowa ya watse ba tare da ya ɗaga kai ba, domin mai ɗaga kai shi ake samu a fuska. Kafin ihun ma akwai ƙarar katako ko ɓarɓashin yashi da ke fara zubowa. Ka sa sauti, ƙanena. Giginya ma ai ba shiru take tsinkewa ba, sai ta ratso ganye da ƙara.

Malamin Fizis:
Oga ya yi gaskiya, kuma har a gwaji kunne ya ɗan fi ido saurin kai saƙo ga hannu. Hannun nan na Zelda da Baba ya ambata ma ai da sautinsa yake zuwa.

Mai Zane 'Yar Zariya:
Sai dai da yawa suna bugawa a mota ko a ɗaki cikin mutane, sauti a kashe. Ya zama ƙari, kada ya zama shi kaɗai. Ɓarɓashin da Oga ya ambata ya burge ni: ganye biyu ko uku su fara saukowa a wurin kafin inuwar ta fito.

Ɗan Gwammaja:
Jama'a, kwana biyu ban leƙo ba, ina kan aikin ne. Ga abin da na yi. Na tsayar da inuwar bishiyoyi cak, na kuma rage mata duhu, kamar yadda Malama ta ce. Inuwar giginya tana fitowa sakan ɗaya da rabi kafin ta sauka, tana farawa dishi-dishi da faɗi, sai baƙin ɗigo ya fito a tsakiya ya girma, a hankali sannan da sauri, bisa lissafin Malam. Na bar ta ta ɗan fi ɗan giginyar girma, amma wurin da ke kisa bai kai bakin inuwar ba, don wanda ya fita da ƙyar ya tsira. Da zarar ta fito ba ta matsawa ko taku ɗaya. Na sa ƙarar ganye, na sa ganye biyu suna saukowa. Sannan akwai siririn farin zobe a gefenta wanda ake kunnawa a saiti.

Na sake ba ƙanwata. Ta mutu sau shida a mataki na biyu, ba ta ajiye wayar ba. A na shidan da kanta ta ce, "Na gan ta, kwaɗayin murucin ne ya tsayar da ni." Sai da Umma ta kira ta sau biyu kafin ta miƙo min.

Saura abu ɗaya. Ina so in yi matakin dare, yaron na riƙe da tocila. Babu rana, to daga ina inuwar za ta fito?

Malamin Fizis:
Ka sa daren sha huɗu ne. Wata a cike, tsakar dare yana can sama sosai, kuma faɗinsa a ido kusan ɗaya yake da na rana, don haka lissafin 108 ɗin nan bai canza sosai ba. Tocilar hannu ba za ta ba ka inuwa a ƙasa ba, sama za ta jefa ta.

Maman Hanifa:
Farin wata kam yana yin inuwa sosai, muna yara har tsallaken ta juna muke yi a dandali.

Ɗan Damagaram:
Farin zoben nan ka bar shi a kunne tun farko, wanda ba ya so ya kashe, don ba kowa ke shiga saiti ba. Turo min fayil ɗin ta akwatin saƙo. Gobe da Azahar zan fita da shi bakin shago a tsakar rana, na rage hasken wayar, in gaya maka ko ana ganin ta.